Rubutun da Ya Kalli Bango

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa da yawa daga ka. Wani lokaci sai in yi ta neman carbi alhali yana naɗe a hannuna. Amma akwai abu guda da na tabbata ba zai bar ni ba har ranar da za a kwantar da ni a kan hannuna na dama, shi ne labarin buhu goma sha biyu da aka ɗauka a bidiyo a zauren gidana. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka san abin sun san shi, waɗanda ba su sani ba kuma darasin ya ishe su.

Abin ya faru ne a shekarun nan da abinci ya yi tashin gwauron zabo. Ƙauyenmu yana gefen Makoda, inda gida ke jingine da gona, gona kuma ke jingine da gonar wani. Gado ya yi ta yanka filayenmu har wata gonar ba ta fi a shimfiɗa tabarmi kaɗan ba. Taki ya fi ƙarfin talaka, amfanin da aka girbe bai kai ko'ina ba, kafin marka ta kankama rumbuna sun zama wurin kwanan kaji. Mata suka koma tsinkar tafasa da rama a bakin hanya. Akwai gidajen da sai la'asar za ka ga hayaƙi ya tashi, akwai waɗanda ba za ka gani ba sam, kuma ba wanda zai tambaya. Mu nan yunwa a cikin gida ake rufe ta, a fito masallaci da wankakkiyar riga.

Abin da ya riƙe gidana a lokacin sana'ar matata ce. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tun tana amarya, kuma ba don tana tawa ba, hannunta yana da kyau. Ranar kasuwa za ta sa a auno mata tiya biyu ko uku na gyaɗa, ta soya, a kai niƙa, ta matse mai, ta murza tunkuza ta soya. Sai dai masu saye sun ƙare. Wanda bai sami gero ba ina zai tuna da ƙuli? Sau da yawa kayan sukan kwana uku a faranti ba a taɓa ba.

Ina da amini guda a duniya. Tare muka yi karatun allo a gaban malami ɗaya, gonarsa da tawa iyaka ɗaya ce ta raba su. Tun muna yara yake kirana Mai Tawada, saboda ba a taɓa ganin rigata ba ɗigon tawada ba. Ni kuma ina kiransa Sarkin Noma don tsokana, domin gonarsa ce mafi ƙanƙanta a unguwar. Ranar da muka binne malaminmu, muna dawowa daga maƙabarta, ya riƙo hannuna ya ce, "Mai Tawada, in na riga ka, kai za ka yi mini wanka. Ban yarda kowa ya ga kaushin ƙafafun nan ba sai kai." Na ce masa ni ma haka, in na riga shi. Muka yi dariya, amma dukanmu mun san alkawari muka ƙulla. Shekara arba'in da wani abu kafaɗarsa na jikin tawa a sahun salla.

Wata rana da hantsi ya yi sallama a zaurena. Muka zauna, muka yi hirar ruwan sama, muka yi ta tsutsar da ta faɗa wa masara, muka yi ta ciwon gwiwa. Ya miƙe zai tafi, har ya sa takalmi ɗaya, sannan ya ce, yana kallon ɗaya takalmin, "Yau kwana biyu jikokin nan ba su ga abin da aka tuƙa ba. Ko akwai ɗan abin da za a ɗora tukunya?" Na san nauyin da maganar nan ta yi masa kafin ta fito. Mutumin da bai taɓa roƙon ko allura ba.

Na shiga ciki. Matata ta buɗe mini tukunyar da muke ajiye gero, abin da ke ciki bai fi a yi tuwo sau uku ba. Muka raba biyu, na zuba rabi a ƙwarya na kawo masa. Kunyar ƙanƙantar abin ta kama ni, sai na ji bakina ya ce, "Wallahi tallahi, da wannan da rabinsa da na bari a ciki, su ne ƙwayar hatsin da ta rage a gidan nan."

Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya sa ka rantsuwa, Mai Tawada? Ni da kai?" Ya rufe ƙwaryar da gefen rigarsa ya tafi. Rantsuwar nan gaskiya ce, Allah shi ne shaida. Ina so mai karatu ya riƙe wannan.

Bayan kwana uku ƙanin matata ya zo daga birni a kan babur. Magidanci ne mai iyali, yana da ɗan shago a Kano, kuma mutum ne mai son 'yar'uwarsa. Ya ga farantin ƙuli a rufe, ya ɗauki ɗaya ya gutsura, ya girgiza kai. "Yaya, wannan abin kike zaune da shi a ƙauye yana shan iska? Yanzu kasuwa a cikin waya take. A yi masa suna, a zuba a roba mai murfi, a liƙa takarda, a ɗauki bidiyo. Matan birni za su yi ta kiranki har ki gaji." Ashe ya riga ya shirya, har da robobin da takardun liƙawa a cikin jakarsa. Sunan da ya buga a jiki shi ne Ƙulin Rumbu Cike.

Na ce masa sunan ya yi mini nauyi a shekara irin wannan. Ya ce, "Malam, suna ai fata ne. Wanda aka sa wa suna mai kyau ba a ce an yi ƙarya ba." Na ƙyale shi, domin maganar ta yi kama da gaskiya.

Da ya leƙa madafi ya ga gyaɗar da za a yi aiki da ita, 'yar tiya biyu a cikin kwando, sai fuskarsa ta canza. Ya ce in mutanen birni suka ga wannan za su ce sana'ar yunwa ce, ba za su amince su aiko a yi musu da yawa ba. Mutumin birni, in ji shi, da ido yake fara cin abinci. Yana cikin magana idonsa ya sauka a kan tarin ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi da muke ajiyewa a bayan garke saboda hura wuta. Ya tambaya ko muna da tsofaffin buhuna. Muna da su, tun na shekarun da ake cika su.

Na gane inda ya dosa, na ce masa wannan algus ne. Ya yi dariya. "Haba Malam. Ƙulin na ƙarya ne? Man na ƙarya ne? Abin da mutum ya saya shi za a ba shi. Buhunan ado ne kawai, kamar jeren ɗakin amarya. Kai ba ka san rabin kwanukan da ake jerawa na aro ba ne?" Matata tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Ni dai hankalina bai kwanta ba." Amma ta faɗa a hankali, kuma na ga idonta yana kan tukunyar geron nan.

A nan ne Shaiɗan ya zo mini ta ƙofar da na fi amincewa da ita. Da aka cika buhunan aka ɗinke bakinsu, na ɗauko kurtun tawada, na naɗe tsumma a bakin kara, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa da ajami, da manyan baƙaƙe: ɓawo ne. Sau goma sha biyu. Na sa wasali, na gyara kowane ɗigo, yadda ko ɗan koyo zai karanta. Na ce a raina, to, yanzu ba wanda zai ce na yi ƙarya, ga gaskiya nan a rubuce da haruffan da muke girmamawa. Har wani sanyi na ji a ƙirjina, kamar wanda ya fitar da zakka.

Ƙanin matata ya ce ba damuwa. Amma da ya zo jera buhunan a zaure, sai ya riƙa juya kowanne, rubutun ya kalli bango. Ya ce baƙin tawada zai ɓata hoto. Ina tsaye ina kallo. Da na buɗe baki a lokacin da labarin nan bai kai a rubuta ba. Sai na ce a zuciyata, ai Allah yana ganin bayan buhu. Da wannan na rufe bakina.

Aka buɗe ƙofar zaure don haske ya shigo. Ya sa na saka farar rigata ta Juma'a, ya shimfiɗa mini buzu a gaban buhunan, sun yi tsiri a bayana har kusa da rufi. Matata ba ta yarda a nuna fuskarta ba, hannuwanta kawai aka ɗauka tana murza tunkuza, da man yana zuba a kwalba kamar zuma. Ya kara wayar a bakin ƙuli ya karya shi, don a ji ƙarar. Sannan ya ce in dubi wayar in ce rumbunmu cike yake. Na ce wannan kam ba zan faɗa ba. Muka daidaita a kan in faɗi sunan kayan kawai, in ce a ɗanɗana. Suna ne, na gaya wa kaina, ba shaida ba ce. Sau bakwai muna sakewa. Wani karon akuya ta yi kuka, wani karon na kalli ƙasa, wani karon ya ce na yi fuska kamar mai karanta wa'azin mutuwa. Har matata ta yi dariya daga bayan ƙofa, dariyar da na daɗe ban ji ba. Duka bidiyon bai kai tsawon alwala ba.

Kuma ya yi aiki. Wannan ma gaskiya ce da ba zan ɓoye ba. Kafin mako ya zagayo waya ta fara ƙara. Wata a birni tana son roba kaza, wata tana son mai na biki, wani mai shago yana so a riƙa kawo masa. Na riƙa ɗaukar kaya zuwa tasha a Makoda ina ba direbobin bas. Matata ta kira mata biyu na maƙwabta suna taya ta suya. Hayaƙi ya dawo gidana safe da yamma. Na yi ta godiya ga Allah, kuma na ce da zarar abin ya ɗan zauna zan auna gero mai kauri in kai wa aminina.

Wautata ita ce na ɗauki bidiyo kamar wasiƙa. Ni da na saba rubuta wa mutane wasiƙa a linke, wanda aka aika wa shi kaɗai yake buɗewa. An ce don mutanen birni aka yi, sai na ɗauka a birni zai tsaya. Ban san abin yana da ƙafa ba. Daga wannan waya zuwa waccan, ya biyo hanyar da ya bi ya fita, ya dawo ƙauyenmu, ya sauka a teburin mai shayi da majalisar gindin darbejiya. Kowa ya ga zauren da ya sani, da buzun da ya sani, da ni a zaune cikin farar riga, buhuna sun yi mini rumfa, a shekarar da ake cin tafasa.

Akwai wani abu kuma da na ƙara da hannuna. Ƙanin matata ya ce a bar buhunan a jere saboda za a sake ɗaukar wani bidiyon. Ni kuma don tsoron kada baƙo ya jingina da su ya ji ba nauyi, sai na sayo makulli na garƙame zauren, muka koma shiga ta ƙofar garke. Zauren da tun zamanin mahaifina ba a taɓa rufe shi da rana ba. Ni na rufe ne don ɓoye babu. Gari kuwa ya fassara cewa na rufe ne don ɓoye akwai.

Na fara jin abin a gaisuwa. Wani ya ce, "Malam, ashe haka ake ajiya shiru? Allah ya ƙara rufa asiri." Na yi yaƙe na wuce. Sai ranar da na shiga sallar azahar na tsaya a wurina, na bar wa aminina gurbi a gefena na dama kamar kullum, wani dabam ya cike shi. Da aka sallame na hango aminina can ƙarshen sahu, jikin bango. Na bi shi waje da sauri na tare shi yana sa takalmi.

Ya miƙo mini hannu biyu, har da ɗan rusunawa. "Alhaji, barka da rana. Ina gajiya? Ina iyali? Yaya kasuwa?"

Na yi ƙoƙarin mayar da abin wasa. "Sarkin Noma, yaushe na je Makka ban sani ba?"

"Ai ba sai an je ba, Alhaji," ya ce. "Allah ya ƙara arziki." Ya saki hannuna ya tafi.

An zage ni a rayuwa, an yi mini ƙazafi, amma ban taɓa jin kalmar da ta sare ni kamar Alhajin nan ba. Da ya kama rigata ya ce na ci amanarsa, da na ja shi zaure a take. Amma mu ba haka muke fushi ba. Idan babban mutum ya yanke ka, girmama ka yake yi.

Da yamma matarsa ta aiko wa matata da ƙwaryar nan, an wanke ta tas. Matata ta ajiye ta a gabana ta ce, "Malam, ya ga bidiyon nan. Tashi yanzu ka kamo hannunsa, ka kawo shi zaure, ka juya masa buhu ɗaya. Shi ke nan fa. Ko magana ba sai ka yi ba, ya iya karatu."

Maimakon in tashi, sai na kira ƙaninta a waya. Ya ce, "Malam, ka rufa mana asiri. Magana in ta fita daga baki ɗaya ta shiga gari. Wani zai zo ya ɗauki buhunan a waya, a ce kayan Yaya ma na yaudara ne. Kasuwar da ta fara tsayawa ta mutu. Ka bari a kwana biyu." Na riƙe maganarsa na kai wa matata kamar hujja. Amma yau da nake rubutu ba zan ɗora masa ba. Ba kasuwa ce ta hana ni ba. Aminina ba mai yawo da magana ba ne, na fi kowa sani. Abin da ya hana ni shi ne in tsaya a gabansa, ni da ake kawo wa tambayar halal da haram, in ce masa na cusa ƙaiƙayi a buhu na zauna a gabansa da farar riga. Na gwammace ya ɗauke ni marowaci da ya san ni mayaudari ne. Ban tsaya na lissafa cewa a idonsa na riga na wuce marowaci ba, na zama wanda ya rantse da Allah a kan ƙarya don ya hana jikokinsa tuwo.

Na nemi in gyara da abinci abin da magana ce kaɗai za ta gyara. Matata ta aika musu da tuwo, aka dawo da shi, an ce an gode, sun ƙoshi. Na auna gero na aika, ya dawo ko kwance bakin ƙullin ba a yi ba. Na ce bari Juma'a ta zo in same shi bayan masallaci. Juma'a ta zo, mutane sun yi yawa. Na ce ta gaba. Kullum matata sai ta tambaye ni, "Ka je?" Kullum sai in ce, "In sha Allahu." Na mayar da sunan Allah abin jinkirta alheri.

Shi kuwa ya shiga ƙodago. Mutumin da ya haura sittin, ya riƙa tafiya gonakin shinkafa na masu hali can wajen fadama, yana yini a tsugune cikin ruwa, marka tana dukansa, cikinsa ba komai. Wata safiya ina gona na gan shi ya biyo iyakarmu da fartanya a kafaɗa, ya rame har rigar tana yawo a jikinsa. Na kira shi da sunan da na saba. Ya ɗaga hannu bai juyo ba, bai kuma rage tafiya ba. Tsakanina da shi bai fi taku ashirin ba. Na tsaya riƙe da ƙotar fartanya ina kallon bayansa har dogon gero ya rufe shi. Ganina na ƙarshe ke nan da shi a tsaye.

Zazzaɓi ya kwantar da shi. A rana ta biyu na tafi dubiya da niyyar in faɗa masa komai. Na tarar da ɗakin cike da 'yan'uwa, shi kuma idonsa a rufe, numfashi sama-sama. Da na durƙusa na raɗa masa a kunne, wataƙila da ya ji. Amma na dubi mutanen da ke zaune, na ce bari in dawo in sun ragu. Har a bakin shimfiɗar mutuwarsa girman kai bai sake ni ba. Na yi addu'a na fito. Washegari da hantsi, ina ɗaure kayan da zan kai tasha, na ji salati daga gidansu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na yar da igiyar na tafi, ina naɗe hannun riga tun a hanya, domin na san aikin da ke jirana. A bakin ɗakin babban ɗansa ya tare ni, magidanci ne da na yi wa huɗuba da bakina ranar da aka haife shi. Kansa a ƙasa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ya bar wasiyya Liman ne zai yi." Sannan ya miƙo mini wata 'yar takarda a linke. Ya ce tun ranar da mahaifinsa ya fara jin jiki ya rubuta ta.

Na san rubutun tun kafin in buɗe sosai, karkataccen ajamin nan da malaminmu ya gaji da dukansa a kai. Ga abin da ya ce: "Mai Tawada. Geron na yafe, naka ne, Allah ne ya ba ka. Rantsuwar ce ba tawa ba, ba ni da ikon yafe ta. Ka tuba tun da sauran numfashi. Ba don ƙiyayya na canza mai wanka ba. Ina yi maka addu'a."

Na zauna a dakalin ƙofar gida da hannun riga a naɗe, ina jin ƙarar ruwa daga ciki. Wani ne yake wanke ƙafafun nan masu kaushi. Aminina ya tafi yana jin tsoron wuta a kaina saboda rantsuwar da na yi a kan gaskiya, bai kuwa san ainihin zunubin da na yi ba.

Da muka dawo daga maƙabarta, kafin a zauna karɓar gaisuwa, na roƙi Liman da ɗan mamacin da duk wanda ke wurin su biyo ni. Na buɗe makullin zaure. Da hannu ɗaya na kama buhun da ke sama, ni tsoho, na sauke shi kamar matashin kai, na juya shi. Liman ya sunkuya ya karanta a fili: "Ɓawo ne." Na juya na biyu, na juya na uku, har na goma sha biyu. Na zare wuƙa na farke ɗaya, ƙaiƙayi ya zube a kan buzuna. Na gaya musu komai, tun daga ƙwaryar gero har zuwa takardar da ke aljihuna. Ba wanda ya ɗaga waya, ba wanda ya yi dariya.

Liman ya daɗe yana kallon rubutun. Sannan ya ce, "Hannunka yana da kyau, Malam. Amma wa ka rubuta wa? Bango?"

 Ɗan mamacin ya share ido da hularsa, ya dubi ƙofar zauren, ya dubi katangar gidansu da ake hangowa daga nan. Sannan ya fita. Na fahimci abin da ya auna da idonsa: 'yar tazarar da na kasa takawa in kai wa mahaifinsa gaskiya.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya shi ne kasuwar ba ta mutu ba. Matata ta ce ba za ta sake liƙa wancan sunan ba. Aka cire shi, aka sake ɗaukar wani bidiyon a madafi, da kwandonta da 'yar gyaɗarta yadda take, da baƙin tukunya da komai. Masu saye ba su gudu ba, wasu ma cewa suka yi wannan ya fi kwanta musu. Har yau da sana'ar muke ci, muna kuma aika wa gidan aminina, yanzu suna karɓa. Ashe abin da na ce ina karewa bai taɓa bukatar buhu ko ɗaya ba.

Ba na zargin waya, ba na zargin bidiyo. Duk mai ƙaramar sana'a da ya tambaye ni, nakan ce ya ɗauka, ya nuna kayansa, Allah ya sa albarka. Amma ya nuna abin da ke akwai, kuma ya tuna wanda zai fara gani ba baƙon birni ba ne, maƙwabcin da ya san cikin gidansa ne. Abin da na koya, kuma na saye shi da tsada, shi ne gaskiyar da ka rubuta ka juya ta ga bango ba ta da bambanci da ƙarya, ko da wane irin harafi ka rubuta ta. Idan kuma akwai maganar da za ta wanke ka a zuciyar wani, ka kai masa ita yau, da kunyarta da komai, domin ba kai ke riƙe da Juma'a mai zuwa ba. Takardarsa tana cikin gafakata. Har yanzu in na tsaya a sahu nakan bar ɗan gurbi a gefena na dama kafin in tuna. Allah ya jiƙansa, ya sa in mun haɗu a ba ni dama in juya masa buhun.